Yadda ake gina birnin ƙage don wasan sadaukai irin na da

Duk daren Asabar bayan isha'i mukan shimfiɗa tabarma a zauren gidanmu nan Sakkwato, mu biyar, wani lokaci shida idan ɗan yayata ya samu izini. Ni ne mai jan labari. Sauran kowa na da sadaukin da ya ƙaga da kansa, ya rubuta sunansa da baiwarsa da rauninsa a takarda. Ni zan faɗi abin da ke faruwa a gari, kowa ya faɗi abin da sadaukinsa zai yi, idan abin mai wuya ne a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Wasan ke nan. Daga Amurka ya taso, inda Dungeons & Dragons ya fito a 1974, daga baya aka yi na sadaukai masu tashi sama da ɗaga mota, irin su Villains and Vigilantes a 1979, da Champions a 1981, da Marvel Super Heroes a 1984.

Dokokin wasa ba su ne ke kayar da sabon shiga ba. Garin da za a yi wasan a ciki shi ne aikin. Na gina garuruwa huɗu, biyu sun mutu tun ba su yi wata ba, kuma na san abin da ya kashe su.

Kayan aiki

Littafin rubutu na 'yan makaranta guda ɗaya, sabo. Farin kwali babba guda biyu, ɗaya na taswira, ɗaya ka yayyanka shi ƙanana kamar tafin hannu, ka samu kamar talatin. Fensir da abin goge shi, da biro ja da shuɗi. 'Ya'yan ludo biyu. Marafan kwalbar lemo kamar goma, su ne za su tsaya a matsayin mutane a kan taswira.

In babu ɗan ludo, rubuta 1 zuwa 6 a guntayen takarda, ka nannaɗe ka zuba a hula, a riƙa zara ana mayarwa. Wannan dabarar ma tana da wani amfani: akwai gidan da in dattijo ya leƙo ya ga ana jefa ɗan ludo, zuciyarsa caca za ta kawo masa. Ko da wanne za ku yi, kada sisin kwabo ya shiga wasan, kuma ka yi wa masu gida bayani tun kafin a fara. In babu kwali, bayan tsohuwar kalanda ya isa.

1. Tsayar da shekara kafin komai

Kada ka ce "zamanin da" ka yi shiru. Zaɓi shekara guda ka rubuta ta a shafin farko. Ni 1975 na ɗauka, ga kuma dalilina. Naira ba ta daɗe da zuwa ba, a 1973 ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira biyu, don haka tsofaffin kasuwa har lokacin da fam da sule suke lissafi. A 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, sun shiga hannun ma'aikata, kowa na neman babur da akwatin rediyo. A 1975 ɗin aka kafa jami'a a Sakkwato, a shekarar kuma aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Ga raɗaɗin farin da aka yi a farkon shekarun 1970 bai gama barin mutanen karkara ba. Sabon kuɗi da tsohuwar yunwa a gari ɗaya, ai mai jan labari ba ya rasa abin faɗi.

Babbar ribar tsohuwar shekara ita ce rashin wayar hannu. Wayar salula irin wadda muka sani sai 2001 ta shigo Nijeriya. A garinka na 1975, in gobara ta tashi a kasuwa, sai dai yaro ya ruga a guje ko wani ya hau keke. Wayar tarho tana gidan waya, da ofishin 'yan sanda, da gidaje ƙalilan. Sadaukai in sun rabu, sun rabu ke nan, babu mai kiran wani ya ce ga ni a bakin gada. Rabin daɗin wasan daga nan yake fitowa.

Ka rubuta jeri biyu a shafi na gaba: abin da akwai da abin da babu. Akwai Vespa, keke Raleigh, Land Rover, garmaho, silima marar rufi, fitilar ƙwai, telegiram. Babu kwamfuta a gida, babu intanet, babu ruwan leda. In ka yi shakka, tambayi wanda ya haura sittin a gidanku. Kawuna ya taɓa ɓata mini awa biyu a kan yadda ake layin tikiti a ƙofar silima, kuma babu abin da na zubar daga cikin abin da ya faɗa.

2. Ƙagi garin, kada ka ɗauki Sakkwato kanta

Wannan kuskuren na fara yi. Na ɗauki garinmu yadda yake, da unguwanninsa da sunayensu, na ajiye maɓoyar ɓarayi a wata unguwa ta gaske. Ashe gidan kakannin ɗaya daga cikin 'yan wasan yana can. Bai ce komai ba a daren, amma sati uku bai zo ba. Ban da wannan, gari irin namu yana da wuraren da ba a wasa da su. Ba za ka sa ƙato mai ƙarfin giwa ya rushe katanga kusa da Hubbaren Shehu ko fadar Sarkin Musulmi ba, ko da a baki ne.

Masu littattafan zane na Amurka sun daɗe da gane haka. Superman, wanda ya fara fitowa a 1938, a Metropolis yake zaune. Batman na 1939 kuma a Gotham. Duka biyun babu su a taswira, amma mai karatu yana jin ƙamshin New York a jikinsu. Haka za ka yi: ɗauki ƙamshin Sakkwato, ka bar sunanta. Nawa na sa masa Birnin Gawasa. Suna mai sauƙin faɗi, wanda zai shiga kirari ba tare da harshe ya harɗe ba. Tun da garin naka ne, kana da ikon ƙara abin da gaskiya ta hana mu. Layin dogo a Kaura Namoda ya tsaya, bai iso Sakkwato ba, amma ni na kai shi har tsakiyar Birnin Gawasa, don kawai ina son a yi dambe a kan rufin jirgi.

3. Zana ƙashin bayan gari

Shimfiɗa kwalin. Da fensir za ka fara, biro sai an yi wasa sau biyu ko uku. Abu uku ke zuwa da fari: ruwa, ganuwa, babbar hanya.

Ja gulbi da shuɗi ta arewa ko yamma, kamar yadda gulbin Rima da na Sakkwato suke haɗuwa a gefen garinmu, ka bar fadama a bakinsa. Gada ɗaya tak za ka yi. Gada biyu na rage tashin hankali, domin in aka tare ɗaya sai a bi ɗayar. Sai ka zana da'irar tsohuwar ganuwa. Sakkwato na da ƙofofi takwas, irin su Ƙofar Marke, Ƙofar Rini, Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya, amma kai huɗu sun ishe ka, kuma ka ƙaga musu suna. Daga nan ka ja kwalta ɗaya ta ratsa daga tashar mota zuwa gada.

Unguwa biyar, kada ka wuce. Cikin gari mai lunguna da soraye. Kasuwa da kara. Unguwar ma'aikata mai faɗin titi da itatuwan dogon yaro. Sabon gari inda baƙi da silima da otal suke. Sai bakin gulbi, wurin masunta da majema da marina. Kowace unguwa ka rubuta mata layi uku kawai: me ake gani, me ake ji, wane wari ko ƙamshi ke tashi. A bakin gulbina na rubuta: fatun jar akuya a shanye, bugun 'yan bugu, warin bagaruwa da jima. In na karanta wannan a zaure, babu mai tambayar ina muke.

Ka bar kashi ɗaya cikin uku na kwalin fari fat. Garina na biyu na yi sati shida ina zana shi, unguwa arba'in da ɗaya, kowane lungu da sunansa, har da tarihin sarakuna goma sha biyu. Daren farko na kai su wani tsohon gidan tarihi da na sha wahalar tsarawa, ina ta bayani, sai ƙanena ya katse ni: "Yaya, mi munka zo yi nan? Mu dai a mai da mu wurin mai shayin can." Mai shayin da na ambata a wuce, ko suna ban ba shi ba. A teburinsa suka ƙare daren.

4. Nemo wuraren da za a yi faɗa

A littattafan Amurka sadaukai a kan dogayen benaye suke tsalle. Garinka ba shi da su, kuma kada ka dasa masa bene mai hawa hamsin, zai zama kamar an sa wa raƙumi takalmin ƙwallo. Nemi tsayin da garin Hausa na 1975 yake da shi: tankin ruwa na ƙarfe, turken gidan rediyo, bututun hayaƙin masana'anta. Sakkwato na da masana'antar siminti a Kalambaina tun shekarun 1960, don haka ba baƙon abu ba ne ka ba garinka tasa. Rufin soraye na cikin gari ma hanya ce ta biyu a sama da lungu, ga zankwaye na laɓewa.

Wuri shida ya isa. Kowanne ka ba shi kati ɗaya, ka rubuta abu biyu a kai: abin da za a iya ɗauka a yi jifa ko kariya da shi, da wanda zai cutu in aka yi ganganci. A kara, akwai turaku da igiyoyi, akwai kuma shanu ɗari da za su ɓalle su bi ta cikin masu talla. A marina, rijiyoyin baba ne. Wanda ya faɗa zai fito shuɗi, kwana uku duk gari na nuna shi. Wurin da ba shi da mutumin da za a ceta, fili ne kawai, cire shi.

Kada ka manta da yanayi. Zafin Afrilu a nan ya kan wuce digiri 40, sadauki mai rigar ƙarfe sai ya nemi inuwa. Hazon hunturu yana rufe ido, mai tashi sama ba ya ganin ƙasa. A Agusta gulbi ke cika, kuma a 1975 ba a gama madatsar Bakolori ba, sai 1978, ta Goronyo kuwa sai 1984. Ka raba labaranka bisa waɗannan lokuta uku, garin zai riƙa sauya fuska ba tare da ka sake zane ba.

5. Zuba mutane

Nan ne zan daɗe, don nan ran garin yake. Ɗauki kati goma sha biyu. Kowane kati mutum ɗaya: suna, sana'a, unguwa, abin da yake nema ido rufe, abin da yake ɓoyewa, da wata ɗabi'a guda da za ka iya kwaikwaya da baki ko da hannu.

Ga katin mai shayin nan, wanda daga baya ya zama mutum mafi muhimmanci a Birnin Gawasa. Teburinsa na bakin tashar mota. Abin da yake nema: ya tara kuɗin kujerar Makka ga mahaifiyarsa. Abin da yake ɓoyewa: ya san fuskar ɗaya daga cikin sadaukan, don ya taɓa ganinsa yana sauya kaya a bayan tasha. Ɗabi'arsa: ba ya amsa tambaya sai ya ɗaga kofi sama ya tsiyaya shayi sau uku. In na ɗaga hannu a zaure kamar ina tsiyaya, kowa ya san wa ke magana, kuma kowa ya san sai ya yi haƙuri.

Cikin sha biyun nan ka tabbata akwai mai iko na gargajiya, kamar mai unguwa ko Sarkin Fawa. Akwai na gwamnati, kamar sufeton 'yan sanda da bai yarda da masu rufe fuska ba. Akwai mai yaɗa labari, ɗan jarida ko mai karanta labarai a rediyo ko sanƙira. Akwai malamar asibiti da za ta ɗinke rauni ba ta yi tambaya ba. Akwai tsohuwa mai fura da ta san asalin kowa. Sannan ka ɗauki jan biro ka ja layi tsakanin katunan: wane na bin wane bashi, wance ta ƙi auren wane, wane da wane ba sa ga-maciji tun rabon gado. Kowane mutum ya kasance da layi biyu aƙalla. Katin da ba shi da layi, ba zai taɓa motsi ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar mutumin gaske na unguwa a sauya masa harafi ɗaya. Za a gane, kuma magana za ta fita daga zaure.

6. Tushen baiwa guda ɗaya

Daga ina ƙarfin sadaukan ya fito? Ba da amsa ɗaya ga gari duka. Littattafan zane na tsakanin 1956 da 1970 sun fi jingina abin ga kimiyya: haske daga sararin sama, gwajin da ya ɓaci, baƙin ƙarfe. Ni na ce wani dutse ne ya faɗo daga sama cikin fadama a shekarar da aka yi fari, duk wanda ya sha ruwan rijiyoyin wajen a makon nan ya tashi da wani abu. Amfanin tushe ɗaya shi ne duk sabon mugu ko sabon sadauki ba ya buƙatar dogon bayani, kuma guntayen dutsen sun zama abin da kowa ke farauta.

Ra'ayina, ka nisanci tsafi da iskoki. Ba kowa ke sakin jiki da su ba, kuma gardamar da za su jawo ta fi daɗinsu yawa. Amma siffofin da muka taso muna ji ba laifi ka ara: wanda ƙarfe ba ya kama shi kamar ɗan tauri, wanda ke ɓacewa kamar mai layar zana, wanda ke daɗewa a ƙarƙashin ruwa kamar masuntan Argungu. Sai ka ce dutsen ne ya yi.

7. Bos uku, kowa da kirarinsa

Ɗaya mai kuɗi wanda gari ke girmamawa, ba a iya taɓa shi da hannu. Ɗaya mai ƙarfi wanda za a yi ta dambe da shi. Ɗaya mai dabara da ban dariya, irin wanda zai sace lasifikar silima don ya yi wa gari jawabi. Kowanne ka ɗaure shi da unguwa ɗaya da kuma mutum biyu daga katunanka.

Salon na da yana da ladabinsa. A 1954 masu buga littattafan zane a Amurka suka ɗora wa kansu doka mai hana nuna zubar da jini ƙuru-ƙuru, mai kuma cewa dole nagari ya yi nasara a ƙarshe. Shi ya sa sadaukan lokacin ba sa kisa: a kama bos, a miƙa shi ga hukuma, bayan wata biyu ya tsere. Ka faɗa wa 'yan wasanka wannan tun daren farko. In ba haka ba, wani zai jefa bos ɗinka daga kan tankin ruwa a mako na biyu, ka rasa wanda ka yi wata kana gini.

Ka rubuta wa kowane bos kirari layi biyu, ka yi shi da murya kafin ya bayyana. Yaran da ke leƙe ta taga ma sai sun haddace.

8. Ɗaure sadaukan da garin

Kafin a fara wasa, ka yi wa kowane ɗan wasa tambaya huɗu: a wace unguwa kake kwana, me kake yi da rana, wa kake jin kunya ko tsoro cikin katunan nan, wa zai shiga uku in asirinka ya tonu? Amsar da suka bayar ka rubuta ta a farin wurin da ka bari a taswira. In wani ya ce shi tela ne a bakin kasuwa, to yanzu akwai layin teloli, ka zana.

Ɓoye kai a garin Hausa ya fi wuya a kan birnin Turawa, don a nan ana gane mutum ta tafiyarsa, a kuma faɗi sunan kakansa. Sauƙin da muke da shi, rufe fuska ba baƙon abu ba ne. Rawani da amawali, ko naɗi irin na Buzaye, ko lulluɓi ga mace, babu mai waiwaye. Matsalar tana wajen fita da dare. Ɗaya daga cikin 'yan wasanmu sadaukarsa budurwa ce mai koyon aikin jinya, kuma mafi yawan jifar ɗan ludon da ta fi tayar masa da hankali ba ta faɗa ba ce, ta lallaɓawa ce ta wuce ɗakin Inna ba a ji ƙarar ƙyaure ba.

9. Jadawalin abin da gari ke yi da kansa

A shafin tsakiya rubuta 2 zuwa 12, kowace lamba da abin da zai faru. Za ka jefa 'ya'yan ludo biyu ka haɗa duk lokacin da wasa ya yi sanyi. Ka lura, lambobin ba daidai suke fitowa ba: 7 na da hanya shida cikin 36, amma 2 da 12 hanya ɗaya-ɗaya. Saboda haka abin yau da kullum shi za ka sa a 6, 7 da 8, kamar ɗauke wuta, ko rigima a tasha, ko ɓarawon akuya. Gobarar kasuwa da ɓallewar shanu su zauna a 4 da 10. Karyewar gada da dawowar babban bos a 2 da 12. Na taɓa sa ambaliya a 7 don rashin sani, sai da gulbi ya ci garin sau uku a dare ɗaya.

Bayan kowane zama, kafin ka kwanta, ɗauki minti goma. Rubuta abin da aka fasa, wanda aka ɓata wa rai, da wanda aka yi wa alkawari. Katangar da aka rushe ta zauna a rushe har sai wani ya biya magina. Sannan ka tsara labaran rediyo layi huɗu ko biyar da za ka buɗe zama na gaba da su, da muryar mai karanta labarai na da, kana ambaton ɓarnar da suka yi ba tare da an san su waye ba. Wannan satin nawa zai fara ne da sanarwar cewa sufeto ya gayyaci wani mai shayi na bakin tasha don ya amsa tambayoyi, kuma har yanzu bai koma teburinsa ba.